Yadda za ka gane ƙwararren mai goge fenti da shafa siramik a motar RV

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston, jihar Texas. Bara na sayi RV ta hannu, motar nan mai ɗaki da kicin da banɗaki, ƙirar 2016, tsawonta ƙafa 34, saboda tafiyar hutu da iyali. Wanda na saya a hannunsa a Arizona yake ajiye ta. Gefe ɗaya ya koɗe sosai, in ka shafa sai wani farin gari ya biyo hannunka, sitikun jikinta ma sun fara tsagewa. An ba ni shawara a goge ta a shafa mata siramik. Na nemi farashi wajen mutum biyu. Ɗaya ya ce dala 900, zai zo har gida ya gama a yini ɗaya. Ɗayan ya ce dala 5,500, kuma sai ta kwana biyar a garejinsa. Na rasa da wa zan yarda. Ta yaya ake gane na ƙwarai a wannan sana'a?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa an saya a sa'a, ya tsare hanya.

Abin da kake so shi ne ka bambance gwani da ɗan koyo kafin ka miƙa makulli da kuɗi, ga shi tazarar da ke tsakanin farashin nan biyu ta isa ta rikita kowa. Goge motoci da ƙananan jiragen ruwa ita ce sana'ata a nan Amurka, RV ma tana shigowa hannunmu, don haka zan faɗa maka yadda mu kanmu muke auna junanmu. Da wuya a ce mutanen nan biyu aiki iri ɗaya suka yi wa farashi. Kowannensu ya ce zai shafa siramik, amma shafawar ita ce ƙaramin ɓangaren aikin. Kwanakin da gumin da kuɗin duk suna cikin gugar da ake yi kafin a shafa, kuma a nan ake gane hannu.

Wane irin jiki ne da motarka?

Yawancin RV ɗin da ke yawo a titunan ƙasar nan a arewacin jihar Indiana ake haɗa su, a Elkhart da garuruwan da ke kewaye da ita, inda manyan kamfanoni irin su Thor da Forest River suke. Sai dai ba jiki iri ɗaya ake yi musu ba. Akwai masu bangon faiba da aka lulluɓe da jelkot, wato wani danƙo mai launi da ake sa wa faibar tun a masana'anta, sannan a liƙa sitika a kai don ado. Akwai masu tsada, irin manyan motocin Tiffin da Newmar, waɗanda ake fesa wa fenti gaba ɗaya a bi da kiliya, wato shafin nan marar launi mai sheƙi da ake yi a saman fenti. Sai masu jikin alminiyam, ko dai mai layi-layi da siririn fenti, ko kuma irin na Airstream mai launin azurfa.

Farin garin da ke biyo hannunka alama ce ta kashi na farko. Rana ce ta cinye saman jelkot ɗin, danƙon ya mutu, launin da ke cikinsa ya koma gari. Shi ya sa gefe ɗaya ya fi shan wahala, gefen da ya yi shekaru yana kallon kudu ko yamma a filin ajiya. Sa'ar da ka yi ita ce jelkot ya fi kiliyar mota kauri, galibi akwai mai rai a ƙarƙashin mataccen, sai a kankare na sama a fito da shi. Kiliyar mota kaurinta wajen mikron 40 zuwa 50 ne kawai, alhali sai an tara mikron 1,000 ake samun milimita ɗaya. In ta fara ɓarewa babu gugar da za ta dawo da ita, sai sabon fenti.

Na ja wannan bayanin ne saboda shi ne jarrabawar farko. Duk wanda ya yanka maka farashi a waya, bai ga motar ba, bai ko tambaye ka jelkot ce ko fenti ba, to farashin shaci-faɗi ne. Mutum yana iya zama gwani a kan Mercedes da Tesla ya zo kan jelkot ya sha kunya, domin soson kumfa da maganin da ya saba da su ba sa ci a kan mataccen jelkot. Nan sai injin da ke juyi kai tsaye, da soson ulu, da magani mai kaifi, wani lokaci ma sai an fara da samfefar ruwa. Shi kuma wanda hannunsa ya saba da jirgin ruwa, in ya kawo wannan ƙarfin kan fenti ko bakin sitika sai ya ƙone su, ga shi jelkot ɗin bangon RV bai kai na jirgi kauri ba. Mota ɗaya tana iya haɗa duka: jelkot a bango, fenti a ƙofofin akwatunan ƙasa, sitika, da baƙar roba. Gwani zai zagaya da kai yana nuna maka kowanne yana faɗin abin da zai yi masa.

Wani zai fito da 'yar na'urar auna kaurin fenti ya ɗora a bangon motar don ya burge ka. Irin wadda yawancinmu ke riƙewa a kan ƙarfe da alminiyam kawai take aiki. Faiba sai mai aiki da amon sauti, mai tsada, wadda ba kowane gareji ke da ita ba. Rashinta ba laifi ba ne. Amma wanda ya ɗora ta ƙarfe a kan faiba ya karanto maka lamba, ka san da wa kake magana.

Abin da siramik yake yi da wanda ba ya yi

Ruwa ne mai sinadarin silika, ana shafa shi da ɗan soso, in ya ƙame sai ya zama wani siririn sulke mai tauri wanda kaurinsa bai wuce mikron ɗaya zuwa biyu ba. Amfaninsa na gaske ne: ruwa ba ya zama a kai, datti da baƙin layukan da ke gangarowa daga rufi suna fita da sauƙi, kuma yana rage saurin koɗewa. Ba ya hana tsakuwa fasa gaban mota, ba ya hana reshen bishiya karce gefe. Lambar 9H da ake bugawa a talla daga gwajin taurin fensir aka samo ta, ba taurin dutse ba ne. Sannan ba ya ɓoye aibi, kulle shi yake yi a ƙarƙashinsa. Shafa shi a kan jelkot ɗin da ba a kankare ba daidai yake da shafa fenti a bangon da yaɓensa ke zubewa. Jelkot kuma yana da ƙananan ƙofofi, shan magani yake yi, don haka yakan ci fiye da abin da fenti ke ci, sau da yawa sai an yi shafi biyu.

Yanzu yi lissafi. Tsawon ƙafa 34, tsayin bango wajen ƙafa 10, gefe biyu: murabba'in ƙafa 680 ke nan, ban da gaba da baya. Ko ka cire tagogi, filin ya ninka na ƙaramar mota sau da yawa, kuma rabinsa sai an hau dandamali. Gefen da ya koɗe sai an bi shi sau biyu ko uku, a kankare, a goge, a fito da sheƙi, sannan a wanke man gugar tas kafin a shafa komai. Mutum ɗaya ba zai yi wannan a yini ɗaya ba ko waye shi. Abin da nake zato mai dala 900 zai yi shi ne wanki, guga sau ɗaya da maganin da ke haɗe da kaki, sai feshin da aka rubuta siramik a jikin robarsa. Wannan aiki ne halal, farashinsa ma bai yi muni ba, muddin ya kira shi da sunansa ya gaya maka watanni zai yi ba shekaru ba. Mai dala 5,500 kuwa kwanakin da ya faɗa sun fi kama da gaskiyar aikin, amma tsada ba shaidar gwaninta ba ce. Na ga aiki mai tsada da aka dawo da shi a gyara.

Gwajin da ba ya ƙarya

In abu ɗaya za ka ɗauka daga wannan amsa, ɗauki wannan. Ka ce wa kowannensu ya yi maka gwaji a wuri mafi muni na gefen da ya koɗe, faɗin ƙafa biyu, tsayi ƙafa biyu, a zagaye da tef, kana tsaye. Ko zai caje ka kuɗin awa ɗaya, biya. Ka lura sau nawa ya bi wurin kafin ya fito, domin wannan ɗan filin shi ne zai nuna kwanakin da motar za ta ci. In ya gama wurin yana ƙyalli, kada ka yi saurin yabo. Ce masa ya fesa sifirit ya goge da tsumma mai tsabta. Yawancin magungunan guga suna da mai, man kuma yana shiga ƙofofin mataccen jelkot ya duhunta shi ya ba shi sheƙin aro. Sifirit na wanke man. In sheƙin ya tsaya, an kankare da gaske. In wurin ya koma fari-fari yana dishi-dishi, kwalliya aka yi maka. Daga nan haska tocila daga gefe, ko ka jira rana ta faɗo a kai, ka duba ko injin ya bar zane mai zagaye. Gwani da kansa zai ɗauko sifirit ɗin kafin ka tambaya, domin shi ma yana son ya sani. Wanda ya fara kame-kame a wannan gaɓa, ka yi masa godiya ku rabu lafiya.

Akwai wata dabara da ya kamata ka sani. Wasu na shafa maganin sheƙin daɓen ɗaki a kan jelkot. Ranar farko sai ka rantse sabuwar mota ce. Bayan rana ta dake shi sai ya yi rawaya ya fara ɓarewa, kuma cire shi wani aiki ne na daban da za a caje ka. Ka tambayi wanda ya sayar maka ko an taɓa shafa mata irinsa.

Sai tambayoyin da amsarsu ke tona asiri. Me zai yi da sitikun? Waɗanda suka tsage ba sa gyaruwa da guga ko siramik, ko a cire a liƙa sababbi ko a fesa zanen da fenti. In an cire, inuwarsu za ta fito, domin jelkot ɗin da ke ƙarƙashinsu bai sha rana ba, kuma ba kullum take ɓacewa gaba ɗaya ba. Mai gaskiya zai gaya maka haka tun kafin ya taɓa. Me zai yi da rufi? Rufin yawancin RV shimfiɗar roba ce, kuma magani mai man fetur a ciki yana lalata ta. Daga can baƙin layukan ke gangarowa, don haka shi ake fara wankewa. Yaya zai yi da mahaɗai da bakin tagogi? Injin wanki mai ƙarfi yana ɗaga danƙon da aka toshe su da shi ya tura ruwa cikin bango, ruwa a cikin bango kuwa shi ne babban ajalin RV. In gabanta na da tsohuwar ledar kariya da ta tsattsage, a sa farashin cire ta daban.

Sannan a ina zai yi aikin? Siramik ba ya son a shafa shi a jikin da rana ta gasa, kuma yawancin kamfanonin suna cewa kada ruwa ya taɓa shi na awa 24, kada a wanke da sabulu sai bayan kamar mako guda. Ka san Houston da laima da hadarin la'asar. Manyan RV tsayinsu yakan kai ƙafa 12 zuwa 13, don haka je ka ga garejin da idonka: ƙofar ta isa motar ta shiga? Akwai dandamali ko tsani ɗaya ne jingine? Akwai fitilu a bango? Ba na cewa mai zuwa gida ba gwani ba ne, akwai nagartattu cikinsu, amma sai an sami rumfa ko ɗakin ajiya da za a yi a ciki.

Inda za ka neme su

Tunda taka jelkot ce, ni da zan fara da wajen Clear Lake da Kemah, inda jiragen shaƙatawa suka taru a bakin gaɓar Galveston. Masu goge jirage kullum cikin jelkot suke. Ka nemi wanda yake yin RV ma, saboda maganar sitika da fenti da na faɗa. Manajan filin da ake ajiye RV shi ma ya san wanda ake sake kira da wanda ake zagi bayan ya tafi. Abin da ya fi duka shi ne ka ga aikin da ya shekara. In kun sauka a sansanin hutu ka ga mota irin taka tana sheƙi, yi sallama ka tambayi mai ita wa ya yi kuma yaushe. Masu RV suna son a tambaye su irin wannan, ƙila ma sai ka nemi hanyar kuɓuta. Hoton kafin da bayan aiki ba ya gamsar da ni, kowace mota tana kyau a hoto in an jiƙa ta.

Kamfanonin maganin, irin su Gtechniq na Ingila da Ceramic Pro da System X, suna da jerin garejin da suka amince wa. Akwai kuma ƙungiyar masu sana'ar, International Detailing Association, mai ba da shaida hawa biyu: CD ga wanda ya ci jarrabawar rubutu, SV ga wanda aka gwada hannunsa a aikace. Ta biyun ta fi nauyi. Duk waɗannan suna rage maka yawan waɗanda za ka tantance ne kawai, domin akasarin horon a kan ƙaramar mota ake yin sa. A sharhin Google kuwa fara da masu ƙorafi, ka ga yadda mai garejin ya amsa musu, sannan ka duba ko akwai masu RV cikin masu yabon. Akwai kuma masu bin taron RV gari-gari, irin wanda ake yi a Quartzsite ta Arizona duk watan Janairu. Don wanki da kaki babu laifi. Don aikin da ke da garantin shekaru, nemi wanda za ka iya komawa ƙofarsa.

Takarda kafin makulli

A rubuta komai: matakan guga nawa, sunan maganin, shafi nawa, ko rufi da tagogi da ƙafafu na ciki, ranar karɓa. Ka nemi takardar inshorarsa, musamman wadda ke ɗaukar nauyin motar abokin ciniki yayin da take hannun gareji, domin inshorar kasuwanci ta gama-gari ba lallai ta ɗauki wannan ba. Tambayi wa zai tuƙa ta ya shigar da ita. Ku zagaya tare ku ɗauki hoton duk wani tabo kafin ka tafi. Kafin alƙalami daidai ne, biyan duka tun farko ba daidai ba ne, kuma ka biya da katin bashi saboda in an sami saɓani kana da inda za ka kai ƙara.

Garanti kuma karanta shi da kanka. Wa ke bayarwa, garejin ko kamfanin maganin? Ya ambaci jelkot ko fentin mota kawai? Da yawa suna da sharaɗin kawo motar dubawa duk shekara, in ka tsallake ya faɗi. Ni dai a kan jelkot ɗin da ke kwana a ranar Texas ba na yi wa kowa alkawarin fiye da shekara biyu zuwa uku, mai cewa har abada kuwa ka tambaye shi me zai yi maka in ta koɗe a shekara ta huɗu.

Ranar karɓa kada ka je da magariba. A fito da ita rana, ka hau tsani ka duba saman bango kusa da rufi, wurin da mai gajiya ke ha'inci. Nemi tabo mai duhu ko mai launin bakan gizo, alamar maganin da ba a share da kyau ba. A kwanakin farko gyaransa da sauƙi, in ya ƙame sai an sake sa inji. Duba bakin sitika da mahaɗai ko an bar busasshen farin magani.

Daga nesa nake ba ka amsa, hannuna bai taɓa motar ba, kuma akwai abubuwan da in an same su shawarar ta sauya. In bangon ya kumbura ko yana motsi in ka danna, ruwa ya shiga, kuɗinka wajen mai gyaran bango ya kamata ya fara zuwa. In zaren faiba ya fara bayyana, ko akwai ƙananan tsaga birjik a jikin jelkot ɗin, an wuce maganar guga, sai fenti. Sannan ba dole ba ne ka yi siramik. In za ka iya shafa kaki ko makamancinsa sau biyu a shekara, ka biya kuɗin guga mai kyau kawai, ragowar ka kama mata wurin ajiya mai rumfa, domin inuwa ta fi kowane magani kare jelkot. In kuwa a fili za ta ci gaba da kwana kuma ba ka da lokacin hawa tsani, siramik ya cancanci kuɗinsa.

In an shafa, ka guji wuraren wankin manyan motoci masu burushi mai tauri da sabulu mai kaifi, kuma kada ka bar ruwan famfo ya bushe a jikinta cikin rana, yana barin tabo ko a kan siramik. Ƙwarin nan da ke cika hanyoyin gaɓar teku wajen Mayu da Satumba, in sun manne a gaba ka wanke su a ranar, domin in suka kwana biyu a rana suna cin abin da ke ƙarƙashinsu.